Zuwa bikin kiɗan metal na Wacken: tikiti, biza, tanti da taɓo

A arewacin Jamus, cikin jihar Schleswig-Holstein, akwai wani ƙauyen makiyaya mai suna Wacken mai mutane kamar dubu biyu. Duk shekara, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Agusta, mutum 85,000 ke sauka a filayen kiwonsa don bikin kiɗa har kwana huɗu, kusan kowa cikin baƙaƙen kaya, babu masaka tsinke. Ga tambayoyin da mai niyyar zuwa ya fi yi.

Wane irin kiɗa ne wannan da har ake yi masa irin wannan taro?

Hebi metal ake ce masa, wato ƙarfe mai nauyi. Kiɗa ne na jita mai lantarki da ganguna, da ƙara mai girgiza ƙirji. Ya yi tashe daga Birmingham ta Ingila, garin masana'antu, inda ƙungiyar Black Sabbath ta fitar da faifanta na farko a 1970. Makaɗin jitarta, Tony Iommi, injin masana'anta ne ya datse masa kan yatsu biyu, sai ya sassauta tsirkiyoyin jitar don ya iya dannawa, nauyin sautin ya ƙaru. Shi kuwa bikin Wacken, abokai ne daga yankin, Thomas Jensen da Holger Hübner, suka fara shi a 1990 cikin wani ramin da ake haƙar tsakuwa, da 'yan kallo kamar 800.

Nawa ne tikiti, kuma yaushe ake saye?

A 2023 Yuro 299 ne, a 2024 ya koma 333. Kuɗin ya haɗa da duk kwanakin bikin da wurin kafa tanti. Hellfest, wani bikin metal na Faransa, shi ma farashinsa a shekarun nan kusa da haka yake.

Abin da ke kayar da mutane shi ne lokaci. Ana buɗe cinikin tikitin baɗi da zarar an tashi daga na bana, tun ba a gama sanar da makaɗan da za su zo ba. Na 2024 ya ƙare cikin awa huɗu da rabi. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Wanda ya ce sai ya ga jerin makaɗa tukuna, sai dai ya ji labari. Tikitin yana ɗauke da sunan mai shi, saboda haka kada ka saya hannun wani a Facebook don ya ce maka ya fasa tafiya. Masu bikin suna da nasu dandalin da wanda ya fasa yake mayar da tikiti a sayar wa wani. Nan kaɗai zan ce ka nema.

To idan na sami tikiti, ai na gama da babban kashe kuɗi ko?

Ina! Ga wanda ke zaune a Turai, wataƙila. Ga wanda zai tashi daga Abuja, Yamai ko Akra, tikitin shi ne ƙaramin abu. Kuɗin jirgi a Yuli da Agusta yana kan ganiyarsa, domin lokacin hutun Turawa ne. Lufthansa na tashi daga Legas da Abuja zuwa Frankfurt, daga nan a canja zuwa Hamburg.

Sai biza. Ta Schengen ake nema, wato bizar bai-ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai har da Jamus, kuɗinta Yuro 90 tun watan Yuni 2024, kuma ba a mayarwa ko an hana ka. Dole ka haɗa da inshorar lafiya da za ta iya biyan akalla Yuro 30,000, da shaidar masauki, da takardar banki, da abin da zai gamsar da su cewa za ka koma gida. Tikitin biki ba ya tilasta wa ofishin jakadanci ya ba ka biza. Doka ta yarda a miƙa takardu tun saura wata shida, kuma ni ina ganin a ranar da ƙofar ta buɗe ya kamata ka fara neman layi, don samun ranar ganawa ma wani aiki ne. Kada ka biya kuɗin jirgin da ba a mayarwa kafin fasfo ya dawo hannunka.

Daga Hamburg yaya ake isa ƙauyen?

Jirgin ƙasa zuwa garin Itzehoe, tafiyar kamar awa ɗaya, daga tashar kuma akwai bas-bas na bikin. Ba ka buƙatar hayar mota.

Ina ake kwana?

A tanti, a filin shanu. Mafi yawan mutane ke nan. Otal-otal na garuruwan kusa sukan cika tun da wuri, farashinsu kuma ya hau. Akwai tantunan haya da ake kafa maka kafin ka iso, da ƙarin kuɗi mai tsoka, amma ga wanda ya zo ta jirgin sama abin dubawa ne, tunda kilon kaya a ƙayyade yake. In ba haka ba, ka sauka Hamburg da kwana ɗaya ko biyu, ka sayi tanti mara tsada da tabarmar roba da bargon kwana. Kada sunan bazara ya ruɗe ka: dare a can yana da sanyi, kusa da teku ne, iska na kaɗawa.

Filin tantunan gari ne guda. Ka kafa wata alama a bisa sanda, tuta ko ƙyalle, don ƙarfe biyun dare duk tantuna kamarsu ɗaya. Ba a shiga da kwalba. A cikin filin wasa kuwa ba a ciniki da tsabar kuɗi. Abin hannun da za a ɗaura maka a ƙofa shi ne katinka, a cikinsa kake zuba kuɗi. Abincin ciki da tsada, shi ya sa da safe za ka ga ayari ya nufi cikin ƙauye. A nan ne abin da ya fi burge ni yake: mutanen gari sun fito da tebura ƙofar gidajensu suna sayar da kofi da burodi, tsohuwa na miƙa wa ƙato mai gashi har gadon baya kofinsa suna gaisawa, yara na jan kayan baƙi a 'yan kekunansu ana ba su na kashewa. 'Yan badujalar kwana-kwana na ƙauyen ma suna da nasu lokaci a dandamali, jama'a kuma na yi musu ihu kamar manyan taurari.

Gaskiya ne abin da ake faɗa game da taɓo?

Gaskiya ne, har ya fi yadda ake faɗa. A 2023 aka yi kwanaki ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, filayen suka zama kunu, taraktocin manoma ne ke jawo motoci ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe masu bikin suka rufe ƙofa, karo na farko a tarihinsa. Mutum kamar 61,000 ne suka shiga. Sauran aka ce su juya. An mayar musu da kuɗin tikiti, amma wanda ya ƙetaro teku, kuɗin jirginsa ya tafi. Ka iso da wuri, da takalmin roba mai dogon wuya, da rigar ruwa, da leda mai kauri ta ajiye fasfo da waya.

Wannan turereniyar da ake gani a bidiyo, ba a jin ciwo?

Akan ji, amma tana da ƙa'ida. A gaban dandamali ake buɗe da'ira ana gudu ana bangazar juna, kuma duk wanda ya faɗi, na kusa da shi zai tsaya ya ɗaga shi nan take. Ba a jan kowa ciki da ƙarfi. Ka ja gefe, babu mai taɓa ka. Ni kunne ne ya fi damuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 kada matsakaicin ƙara a irin waɗannan wurare ya wuce desibel 100, kuma kwana huɗu a kusa da hakan ba wasa ba ne. Abin toshe kunne kuɗi kaɗan ne. Jin da ya lalace ba ya dawowa.

Wanda ba ya shan giya, ba ya cin alade, zai iya zama a wurin?

Ba zan ɓoye ba: giya ta yi yawa a Wacken, har bututu aka binne a ƙasa a 2017 don kai ta rumfuna. Tsiran Jamus kuma galibi na alade ne, sai ka tambaya kafin ka saya. Akwai rumfunan abinci mara nama, akwai famfunan ruwan sha kyauta, kuma ba al'adar wurin ba ce a matsa wa wanda ya ce a'a. Mai salla ya sani rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare. Wasu ƙungiyoyin suna amfani da hotuna da kalmomin da mai addini ba zai so ba. Ka duba jerin tun daga gida, ka san dandamalin da za ka nufa da wanda za ka kauce wa. Ko zuwan ya dace da kai, kai za ka auna.

Wacken kaɗai ne?

Akwai Hellfest a Clisson kusa da Nantes tun 2006, da Graspop a Dessel ta Beljiyam, duk a watan Yuni, kuma dukansu da bizar Schengen ake zuwa. Download na Donington Park a Ingila kuwa bizar Birtaniya yake buƙata daban. A Afirka ma, ƙungiyar Overthrust na shirya nata bikin a garin Ghanzi na Botswana, a bakin hamadar Kalahari, inda masoyan ke fitowa cikin kayan fata da hulunan kaboyi.