Waiwaye: Yadda Haruffan Kannada Suka Samu Lambobinsu a Kwamfuta

Idan mutumin jihar Karnataka da ke kudancin Indiya ya buga sunan harshensa a waya, ಕನ್ನಡ, gaɓa uku idonsa ke gani: ka, nna, ɗa. Ita kuwa wayar lambobi biyar take adanawa. A rubutun Kannada kowane baƙi da wasalin "a" yake tafe, don haka in ana son baƙin shi kaɗai sai a biyo shi da wata alama mai suna wirama, wadda ke aiki irin na ɗauri a ajami. Abin da ke cikin wayar shi ne ಕ, da ನ, da wirama, da wani ನ, da ಡ. Manhajar da ke zana haruffa ce ke ƙanƙantar da ನ na biyu ta cusa shi ƙarƙashin na farko.

An daɗe kafin a kai nan. Tsarin ASCII na bai wa haruffa lambobi a kwamfuta, da Amurka ta fitar a 1963, gurbi 128 kawai gare shi, kuma haruffan Turanci da alamominsu sun cinye su. Indiya ta yi nata tsarin, ISCII, wanda hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasar ta tabbatar a 1991. Dabararsu mai kyau ce: tunda rubuce-rubucen Debanagari (wanda ake rubuta Hindi da shi) da Bengali da Telugu da Kannada da sauransu duk daga tsohon rubutun Birahmi suka fito, kuma jerin sautukansu kusan ɗaya ne, sai aka ba kowane sauti lamba ɗaya, ko da wane rubutu za a nuna shi.

Unicode, tsarin da ke bai wa haruffan harsunan duniya lambobi, da ya fito a Oktoban 1991, ya ari wannan jeri, amma ya ware wa kowane rubutu gidansa. Kannada ta samu gurbi 128, daga U+0C80 zuwa U+0CFF (haka ake rubuta lambobin Unicode). Har yau sawun ISCII na nan: "ka" na Debanagari U+0915 ne, na Telugu U+0C15, na Kannada U+0C95, kowanne a gurbi ɗaya cikin gidansa. A UTF-8, tsarin adana lambobin nan da intanet ke tafiya a kai, ಕ bayit (ma'aunin girman bayanai a kwamfuta) uku yake ci, alhali "k" ɗaya yake ci, ƙ ɗinmu kuma biyu.

Lambobi sun samu, amma kwamfutocin lokacin ba su iya haɗa baƙi da baƙi ba. Sai jama'a suka bi ta bayan gida. Manhajoji irin su Baraha, da ta fito a 1998, da Nudi da gwamnatin Karnataka ta runguma, suka ɗora gutsattsarin haruffan Kannada a kan lambobin haruffan boko. A takarda abin ya yi kyau. Amma in aka tura rubutun ga wanda ba shi da wannan salon haruffa, shirme yake gani, kuma ba a iya neman kalma a ciki. Sai da Windows XP ta zo a 2001 da salon haruffa mai suna Tunga lamarin ya fara daidaita, aka bar mutane da jidalin juya tsofaffin takardu.

Aron jerin ISCII da Unicode ya yi ya bar tabo guda. Akwai tsohon harafi, ೞ, na Kannadar da, wanda aka daina rubutawa tun ƙarnoni. An ajiye shi a U+0CDE, aka raɗa masa suna KANNADA LETTER FA, alhali ba ruwansa da sautin "f". Wani nau'in "l" ne da ake naɗe harshe wajen furta shi. Takwaran gurbin nan a Debanagari, U+095E, shi ne FA na gaskiya. Ƙa'idar Unicode kuwa ita ce sunan da aka riga aka buga ba ya canzuwa, don kada manhajojin da suka dogara da shi su rikice. Da aka gano kuskuren, sai aka ƙara wa harafin laƙabin KANNADA LETTER LLLA, sunan farko kuma aka bar shi yadda yake.