Me masana ke nema a jikin lobsta da dodon koɗin teku?

Mazaunin Legas, ɗan Agege ne ko ɗan Mile 12, ya saba ganin ƙaguwa da jatan lande a kasuwa. Lobsta babban ɗan'uwansu ne, sai dai an fi cin karo da shi a manyan otal-otal. A ɗakunan bincike kuwa, ba don miya ake kiwonsa ba, sai don nazarin jijiyoyinsa, a fahimci yadda ƙwaƙwalwa ke aiki.

Me ya hana a binciki ƙwaƙwalwar mutum kai tsaye?

Yawa ne. Ƙwaƙwalwarmu na da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86. Dodon koɗin teku mai suna Aplysia, wanda ɓawonsa ya ƙanƙance ya ɓuya cikin nama, nasa wajen 20,000 ne, wasu ma ido na iya ganinsu. Mai bincike yakan gane ƙwaya ɗaya, ya sa mata suna, ya sake samunta a jikin wani.

To, me aka gano?

Nan ne labarin yake. Idan ka taɓa dodon koɗin, sai ya janye abin numfashinsa. Ka yi ta taɓawa ba tare da cutarwa ba, sai ya saba, ya daina kulawa. Amma ka ɗana masa lantarki a wutsiya, ko ɗan shafa ka yi bayan nan sai ya zabura. Eric Kandel na Jami'ar Columbia a Amurka ya bi sawun wannan har mahaɗar jijiyoyi. Ya nuna cewa tunawa ta ɗan lokaci ƙarfin mahaɗar ne ke sauyawa, mai ɗorewa kuwa sai ƙwayar ta ƙera sababbin sinadaran furotin, har sababbin mahaɗai su tsiro. Da wannan ya samu kyautar Nobel a 2000.

Lobsta fa?

Haƙoransa a tumbi suke, kuma ƙwayoyin jijiya kusan 30 ne ke sarrafa niƙan. Eve Marder ta Jami'ar Brandeis ta daɗe tana nazarin wannan ƙullin jijiyoyin a lobsta da ƙaguwa, don fahimtar yadda jiki ke maimaita motsi kamar tauna da numfashi. Wani abin dariya, ta kusa da fuska lobsta yake fitsari, kuma da warinsa wanda aka kayar a faɗa ke gane wanda ya kayar da shi.

Suna jin zafi?

Hujjojin sun kai Birtaniya ta sa lobsta da ƙaguwa cikin dokar kare dabbobi masu ji a 2022. Switzerland ta hana jefa lobsta ruwan zafi da ransa ba a sumar da shi ba tun 2018. Ni dai ina ganin mai girki ba ya asarar komai idan ya fara kashe shi.

Ɗalibi a Legas ina zai dosa?

Akwai sashen kimiyyar teku a Jami'ar Legas da ke Akoka, da cibiyar binciken teku ta tarayya, NIOMR, a Victoria Island, wadda aka kafa a 1975.