Lokacin Ƙira a Gasar FIRST Robotics

Lokacin ƙira shi ne makonnin da ƙungiyoyin ɗaliban sakandare ke yi suna haɗa mutum-mutumi kafin a fara karawa a gasar FIRST Robotics Competition, wadda ake yi duk shekara a Amurka da wasu ƙasashe irin su Kanada, Turkiyya, Meziko da Isra'ila. Yana farawa a farkon watan Janairu, kuma shekara da shekaru tsawonsa mako shida ne da 'yan kwanaki.

Asali

Dean Kamen, wani mai ƙirƙire-ƙirƙire ɗan Amurka, shi ya kafa ƙungiyar FIRST a 1989, hedkwatarta na birnin Manchester a jihar New Hampshire. Amma salon gasar ya fi kama da darasin Farfesa Woodie Flowers na jami'ar MIT, wanda tun cikin shekarun 1970 yakan ba kowane ɗalibi akwatin tarkace iri ɗaya, ya ce a fito da na'urar da za ta kara da ta abokin karatu a ƙarshen zango. Flowers ya yi aiki da Kamen har rasuwarsa a 2019.

An yi gasar farko a 1992 a ɗakin wasanni na wata makarantar sakandare a Manchester, da ƙungiyoyi 28. An baza ƙwayar masara a filin, na'urorin kuma na kutsawa cikinta suna kwasar ƙwallon tanis, kowace da wayarta a jone. Kowa tasa ta fisshe shi ake yi a lokacin. Sai a 1999 aka shigo da tsarin ƙawance tsakanin ƙungiyoyi, kuma tun 2005 ƙungiyoyi uku ke karawa da uku.

Dokar rufe leda

Abin da ya fi fito da sunan wannan lokaci shi ne ranar ajiye aiki. A da, da wa'adi ya cika, dole a ɗauke hannu. A farko akan saka mutum-mutumin cikin akwatin katako a aika da shi filin gasa. Daga baya, wajen 2010, aka koma cusa shi cikin ƙatuwar leda a ɗaure bakinta da hatimi mai lamba, ba mai taɓawa sai da izini. Daren ƙarshe ɗalibai kan kai tsakar dare a ɗakin aiki, wani na ɗaure noti, wani na neman wayar da ta kwance.

An yi dokar don a daidaita kowa, sai dai ba ta yi hakan ba. Ƙungiyoyi masu hali sukan ƙera na biyu su ci gaba da atisaye da shi, marasa hali kuwa su zuba wa ledarsu ido. An soke dokar daga kakar 2020, kakar da annobar korona ta katse a watan Maris.

Yadda ake shiri

Ranar buɗe kaka ake bayyana wasan shekarar, a raba littafin dokoki da akwatin kayan haɗi. Wasan na canjawa kusan duk shekara, don haka na'urar bara ba ta amfanar bana. Kwanakin farko na tafiya ne a karatun dokoki da gardama kan inda maki ya fi yawa, sannan a gwada dabaru da katako da kwali kafin a taɓa ƙarfe. Akan kasa ɗalibai gida-gida: masu ƙira, masu haɗa lantarki, masu rubuta manhaja, da masu neman tallafin kuɗi. Masu manhaja su ne ƙarshen samun na'urar, ga shi a yawancin shekaru daƙiƙa 15 na farkon karawa na hannunsu, domin a nan mutum-mutumin ke tafiya ba matuƙi. Nauyinsa kan haura kilo 50.

Saɓani

Ana jayayya kan iyakar hannun da manyan injiniyoyi masu horarwa za su sa a aikin. Dokokin gasar sun bar wa kowace ƙungiya zaɓi.

Bayan ƙira

Wasannin yanki na farawa wajen ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris. Gasar ƙarshe galibi a watan Afrilu take, kuma tun 2022 a birnin Houston ake yin ta.