Waiwaye: Ciwon da Ke Lafawa Ya Dawo

Sau biyu ƙanwata tana warkewa kafin mu san sunan abin da ke damunta. Da fari idonta na hagu ne ya dushe, bayan 'yan makonni ya washe. Shekara ta zagayo sai ƙafa ta mutu, tana jan ta a tsakar gidanmu a Gombe. Inna ta ce iska ce, aka yi ruƙiyya, ƙafa ta saki, kowa ya sa wa malam albarka. Ashe halin ciwon ke nan, ya lafa don kansa, ya sake dawowa.

Likitoci na ce masa multiple sclerosis, ko MS a taƙaice. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka suna da rufi irin robar wayar lantarki. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta riƙa cin rufin nan, sai saƙo ya dinga yankewa a hanya.

Wani likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, shi ya fayyace ciwon a birnin Faris a 1868. Daga nan aka shafe fiye da shekara 120 ba maganin da ke rage masa gudu. Har akwai zamanin da ake tsoma mara lafiya a ruwan zafi, in alamu suka tsananta a ce shi ne. Mu kam zafin Afrilu ke yi mana wannan gwaji kyauta, don da rana ta take ƙafar ƙanwata ke yin nauyi.

A 1981 na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki, ta fara nuna tabon ciwon a ƙwaƙwalwar mai rai. A 1993 Amurka ta amince da allurar intaferon, a 2010 ƙwayar sha ta fito, a 2017 aka samu ocrelizumab, wanda ya fara taɓuka wani abu ga nau'in da ke ci gaba ba lafawa. Sai 2022, masana daga Jami'ar Harvard suka bi bayanan sojojin Amurka sama da miliyan 10, suka gano kamuwa da ƙwayar cutar Epstein-Barr na ninka haɗarin samun MS sau 32. Wannan ne ya ƙara wa maganar rigakafi ƙarfi.

An daɗe ana cewa ciwon Turawa ne. Gaskiya ya fi yawa a ƙasashen sanyi, amma ni a ganina inda hoton MRI ya fi ƙarfin aljihun talaka, ƙidaya ba ta cika faɗin gaskiya ba. Mu sai da Baba ya sayar da bijimi.

Abin da ya fi taɓa gidanmu shi ne matakin Hukumar Lafiya ta Duniya a 2023, da ta sa magungunan MS uku a jerin muhimman magungunanta, ciki har da rituximab. Shiga jeri daban, sauƙin farashi a kemis daban, amma dai an fara.

Duk magungunan nan daƙile sabon hari suke yi, ba sa mayar da rufin da ya zaizaye. Gyaran rufin har yanzu yana matakin gwaji, kuma shi Inna ke jira. Duk ranar da muka dawo daga asibiti, tun kafin in cire takalmi take tare ni: "Babangida, sun ce an samo na gyaran ƙafar?"