Shin batir yana da amfani ga gidan da solarsa ke haɗe da layin kamfanin wuta?

Tambaya: Mutumin da ya sa allunan sola, gidansa kuma yana haɗe da layin kamfanin wuta, me zai yi da batir?

Amsa: Batir ba ya samar da wuta, ajiye ta kawai yake yi. Allunan sola sun fi ba da wuta da tsakar rana, alhali buƙatar mafi yawan gidaje tana tashi ne bayan faɗuwar rana. Idan babu batir, rarar wutar rana takan zarce zuwa layin kamfani, da dare kuma mai gida ya sayi wuta daga kamfanin. Aikin batir shi ne ya riƙe wannan rarar har zuwa lokacin da ake bukatarta.

Tambaya: Idan aka ɗauke wuta da rana tsaka, ai sola za ta ci gaba da aiki?

Amsa: A'a, kuma wannan shi ne abin da ya fi ba masu sola mamaki. Inbata ita ce na'urar da ke juya wutar sola zuwa irin wadda kayan gida ke amfani da ita, kuma an ƙera wadda ke haɗe da layi ne ta yadda za ta kashe kanta da zarar wutar kamfani ta ɗauke, domin kada ta tura wuta cikin wayoyin da ma'aikata ke gyarawa ta hallaka su. Galibi sai an samu batir da inbatar da ke iya raba gidan da layin kafin fitilu da firji su ci gaba da aiki. A wurin da ake yawan ɗauke wuta, ko gidan da ke da majinyacin da ya dogara da na'urar lantarki, wannan dalili kaɗai ya isa, a ganina, ko da lissafin kuɗi bai fita ba.

Tambaya: Ta fuskar kuɗi fa, yana mayar da abin da aka kashe?

Amsa: Ya danganta da tazarar da ke tsakanin farashin da kamfani ke sayen rarar wutarka da wanda yake sayar maka. Inda mita ke cire maka duk abin da ka tura daga abin da ka sha, layin kansa ya zama rumbunka, sayen batir kuma ba zai ƙara maka komai a aljihu ba. Inda kuwa ake sayen rarar da arha, ko wutar yamma ta fi tsada, nan ne batir yake fara biyan kansa. A sa a lissafi cewa akwai asara wajen caji da fitarwa: wanda ya ajiye kilowat-awa 10 a batirin lithiyam, kimanin 9 zai samu.

Tambaya: Shekara nawa yake yi?

Amsa: Garantin batirin lithiyam na gida galibi shekara 10 ne, alhali allunan sola kan kai shekara 25, don haka mai gida ya sa rai zai canza batir aƙalla sau ɗaya. Batirin dalma ya fi sauƙin kuɗi, amma ba a so a sha fiye da rabin cajinsa, kuma ya fi saurin mutuwa. Zafi yana rage wa dukkansu kwana, shi ya sa ake ajiye su a inuwa inda iska ke shiga.