Waiwaye: Wa Ke Tantance Digirin da Jami'o'in Ƙasashe Daban-daban Suka Haɗu Suka Bayar?

Kwas ɗaya ne na digiri na biyu, amma jami'o'i uku ke da shi: ɗalibi zai yi zangon farko a Faransa, na biyu a Jamus, sannan ya tafi Italiya ya rubuta kundin bincike. In ya kammala, ko dai a ba shi takardar shaida guda ɗaya mai ɗauke da sunayen jami'o'in uku, ko kuma kowace jami'a ta ba shi tata. Ko wanne aka zaɓa, akwai tambayar da ta daɗe tana ci wa ma'aikatun ilimi na Turai tuwo a ƙwarya: wace hukuma ce za ta tsaya ta ce wannan kwas yana da inganci, kuma da ma'aunin wace ƙasa za ta auna shi?

Asalin matsalar yana cikin yadda aka gina dokokin ilimi tun farko. Digiri abu ne na ƙasa. Dokar ƙasa ce ke ba jami'a ikon bayar da shi. Yarjejeniyar Lisbon ta 1997, wadda Majalisar Turai (Council of Europe) da UNESCO suka tsara, ta kawo babban sauƙi, domin ta ce ƙasar da za ta ƙi karɓar digirin wata ƙasa ita ce za ta nuna cewa akwai bambanci mai yawa tsakaninsa da nata. Sai dai yarjejeniyar tana magana ne a kan digirin da ya fito daga tsarin ƙasa guda. Digirin da jami'o'i uku suka sa wa hannu ba na kowace ƙasa ɗaya ba ne, don haka bai sami gurbi a cikinta ba.

A 1999 ministocin ilimi na ƙasashen Turai 29 suka sa hannu a Sanarwar Bologna, suka amince a daidaita matakan digiri da tsarin ƙidayar kiredit, wato ma'aunin nauyin karatun ɗalibi. A taron Prague na 2001 suka fito fili suka nemi jami'o'i su riƙa haɗa gwiwa wajen tsara kwasa-kwasai masu kai wa ga digiri ɗaya. Binciken da Ƙungiyar Jami'o'in Turai ta fitar a 2002 ya nuna inda gizo ke saƙa: a ƙasashe da dama doka ba ta ma yarda jami'a ta haɗa sunanta da na jami'ar waje a takardar digiri ɗaya ba. Abin da ake yi a lokacin shi ne a ba ɗalibi digirin ƙasa ɗaya, a haɗa masa da wata takarda mai tambarin dukkan jami'o'in, wadda ba ta da wani matsayi a gaban doka. A Berlin a 2003 ministocin suka yi alkawarin kawar da waɗannan shingaye.

Shekarar 2004 ce ta sauya girman al'amarin. A cikinta kwamitin Yarjejeniyar Lisbon ya fitar da shawara ta musamman a kan karɓar digirin haɗin gwiwa, a cikinta kuma Tarayyar Turai ta ƙaddamar da shirin Erasmus Mundus. Shirin ya zo da kuɗi da sharaɗi: aƙalla jami'o'i uku daga ƙasashe uku su haɗu su gudanar da digiri na biyu, ɗalibai su yi karatu a fiye da ƙasa ɗaya, a kuma ba ɗaliban wajen Turai tallafin karatu. ’Yan Najeriya na cikin waɗanda suka fi samun wannan tallafi a ’yan shekarun nan. Da kuɗi suka shigo, kwasa-kwasan suka yawaita, sai matsalar tantancewa ta tashi daga zancen taro ta koma ciwon kai na yau da kullum ga masu gudanar da su.

Ga yadda abin yake a aikace. A ƙasashen da doka ta ce sai an tantance kowane kwas, kowace hukuma za ta nemi nata rahoton, sau da yawa da harshen ƙasarta, ta turo nata kwamitin, ta yanke nata hukuncin. Wa'adin ma bai zo ɗaya ba: Faransa na tafiya a kan shekara biyar, Holan shekara shida, Jamus kuwa shekara takwas a tsarinta na yanzu. Ke nan kwas mai abokan haɗin gwiwa huɗu ko biyar kusan kullum yana cikin shirin wata ziyara. Mafi muni, kowane kwamiti yankin ƙasarsa kaɗai yake dubawa. Na Jamus zai ga zangon Jamus ya gamsu, na Italiya zai ga nasa ya gamsu, amma babu wanda ya tambaya ko abin da aka koyar a zango na biyu ya hau kan na farko, ko kuwa maimaici ne. An yi ta duba ingancin tubali ɗaya-ɗaya, ba wanda ya duba ko ginin a miƙe yake.

Ƙa'idojin ƙasashen kuma suna karo da juna. A tsarin ƙidayar kiredit na Turai, wato ECTS, shekarar karatu kiredit 60 ce, kowane kiredit yana daidai da aikin awa 25 zuwa 30. To amma digiri na biyu a Ingila yawanci shekara ɗaya ce cur, kimanin kiredit 90, alhali a Faransa kiredit 120 ne a shekara biyu, Jamus kuma tana so jimillar digirin farko da na biyu ta kai 300. Maki ma haka: a Jamus 1.0 ne mafi kyau, 4.0 ne ƙarshen ci. A Faransa ana aunawa a kan 20, ci daga 10. A Italiya ci daga 18 zuwa 30. In ba a rubuta jadawalin sauya maki tun kafin a ɗauki ɗalibai ba, rigima tana jira a ranar fitar da sakamako. Haka batun sau nawa ɗalibi zai sake jarrabawar da ya faɗi, da wanda zai zauna a kwamitin kare kundi, da irin takarda da sa hannun da dokar kowace ƙasa ta tanada wa shaidar digiri.

Ginshiƙan warware matsalar sun zo ɗaya bayan ɗaya. A Bergen a 2005 aka amince da ma'aunai na bai ɗaya na tabbatar da inganci, waɗanda aka fi sani da ESG. A 2008 aka kafa EQAR, rajistar hukumomin tantancewa da aka tabbatar suna bin waɗannan ma'aunai. Tsakanin 2010 da 2013 wani gungun hukumomi mai suna ECA ya gwada tantancewa guda ɗaya a ƙarƙashin aikin JOQAR, amma sai da aka riƙa ƙara wa ma'aunan bai ɗaya sharuɗɗan kowace ƙasa, wanda ya nuna cewa waɗannan ƙare-ƙaren su ne nauyin. A Bucharest a 2012 ministoci suka yarda a riƙa karɓar hukuncin duk hukumar da ke cikin EQAR a kan irin waɗannan kwasa-kwasai. Sai a Yerevan, a watan Mayun 2015, aka amince da Tsarin Turai na Tantance Kwasa-kwasan Haɗin Gwiwa, wanda jigonsa shi ne a yi tantancewa ɗaya ba tare da ƙarin sharuɗɗan ƙasa ba.

Tsarin yana da ma'aunai tara. Na farko shi ne cancanta: dole kowace jami'a ta kasance wadda ƙasarta ta amince da ita, dokarta ta ba ta damar shiga, kuma a nuna cewa tare aka tsara kwas ɗin, tare ake gudanar da shi. Dole a sami rubutacciyar yarjejeniya da ta fayyace sunan digirin, rabon aiki da kuɗi, yadda ake zaɓen ɗalibai, zirga-zirgar ɗalibai da malamai, da dokokin jarrabawa. Sauran ma'aunan sun shafi abin da ake so ɗalibi ya iya in ya gama, manhaja da nauyin karatu, ɗaukar ɗalibai, koyarwa da gwaji, tallafa wa ɗalibai, kayan aiki da malamai, bayyana bayanai, da tsarin sa ido na cikin gida. Digirin farko yakan ɗauki kiredit 180 zuwa 240, na biyu 90 zuwa 120, kuma kada ya gaza 60.

Hanyar aikin ita ma a fayyace take. Jami'o'in za su zaɓi hukuma ɗaya daga cikin EQAR, su rubuta rahoton duba kai guda ɗaya tare. Hukumar za ta naɗa kwamitin aƙalla mutum huɗu, daga aƙalla biyu cikin ƙasashen da abin ya shafa, da ɗalibi ɗaya a cikinsu. Ziyara yawanci wuri ɗaya ake kai ta, amma sai an gana da wakilan dukkan jami'o'in. Ana buga rahoton, akwai damar ɗaukaka ƙara, ana kuma sake tantancewa bayan shekara shida. Masu wannan aiki sun san inda kwasa-kwasai ke yawan tuntuɓe: yarjejeniyar da ba ta taɓo sake jarrabawa ba, ƙorafin ɗalibai da kowace jami'a ke tattarawa ita kaɗai ba a haɗa shi wuri ɗaya, da kwas ɗin da a takarda na haɗin gwiwa ne amma a zahiri tsofaffin darussa ne aka jera. Ziyarar wuri ɗaya ma tana da rauninta, domin jami'ar da ke jagoranci ce ake gani da ido, sauran sai dai a ji daga bakinsu.

Amincewar ministoci ba doka ba ce, kuma nan ne tafiyar ta yi sanyi. Sai kowace ƙasa ta gyara dokarta kafin hukuncin hukumar waje ya yi aiki a cikinta. Jamus ta shigar da shi cikin dokokin tantancewarta da suka fara aiki a 2018, wasu ƙasashen kuwa sun jinkirta ko sun karɓa da sharaɗi. Abokin haɗin gwiwa ɗaya da ƙasarsa ba ta yarda ba ya isa ya sa a koma tantancewa biyu. Ƙawancen Jami'o'in Turai da aka fara da guda 17 a 2019 ya ƙara matsa lamba, a watan Maris na 2024 kuma Hukumar Tarayyar Turai ta gabatar da daftarin abin da ta kira digirin Turai.

A Afirka an fi nisa a ɓangaren karɓar digiri fiye da tantancewa ta haɗin gwiwa. CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta wasu ƙasashen Afirka wadda aka kafa a Yamai a 1968, tana duba daidaiton digirori tsakanin ƙasashe mambobinta, galibinsu masu amfani da Faransanci. Yarjejeniyar Addis Ababa ta 2014 a kan karɓar digiri tsakanin ƙasashen Afirka, wadda ta gaji ta Arusha ta 1981, ta fara aiki a ƙarshen 2019. Jami'ar Pan-Afirka ta Tarayyar Afirka tana bayar da digiri tare da jami'o'in da ke karɓar baƙuncin cibiyoyinta, ciki har da Jami'ar Ibadan. A Najeriya, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta fitar da ƙa'idojin haɗin gwiwa da jami'o'in waje a 2023. Duk da haka ikon amincewa da kwas yana nan a hannun hukumomin ƙasa, don haka jami'ar Kano da ta Maraɗi in suka so haɗa digiri ɗaya, kowace sai ta bi ta ƙofar hukumar ƙasarta.