Riƙe ƙwararrun ma'aikatan jinya a karkarar Kano da Jigawa

Riƙe ma'aikatan jinya na nufin matakan da hukumomin lafiya ke ɗauka don kada nas-nas da ungozomomin da suka goge su bar asibitin da ake buƙatarsu. A ƙananan hukumomi 44 na Kano da 27 na Jigawa, matsalar ta fi cin asibitocin karkara.

Tafiyar hawa-hawa ce. Nas takan nemi canji daga ƙauye zuwa Dutse ko birnin Kano, daga nan ta nemi shiga asibitin tarayya irin na Malam Aminu Kano, inda albashi ya fi kauri, wasu kuma su wuce Ingila ko Saudiyya. A 2024 Hukumar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta ce kimanin 42,000 ne suka bar ƙasar cikin shekara uku. A shekarar ta gindaya sharaɗin yin aikin shekara biyu kafin ta tantance takardun mai son fita, lamarin da ya jawo zanga-zanga a Abuja da Legas.

Abin da ake rasawa ba a aji ake koyonsa ba. Tsohuwar hannu kan samo jijiya a hannun yaron da gudawa ta tsotse, ko da fitilar waya ce kawai ke haska ɗakin. Tana ganin kumburin ƙafa da ciwon kai ga mai juna biyu ta san jijjiga na tafe, ta tura ta babban asibiti tun hanya na biyuwa. A asibitin da likita ba ya kwana, ita ce kusan komai, kuma a hannunta sababbi ke koyo.

Kuɗi na cikin dalilan tafiya, amma ba su kaɗai ba ne. Akwai rashin gidan ma'aikata, da aikin dare babu mai karɓa, da ƙarin girman da ke makalewa, da matsalar makarantar yara. Matar aure kuma da wuya mijinta ya yarda ta tare a garin da ba ta da kowa.

Shirin tura ungozomomi karkara na 2009 ya ɗauki sababbi da waɗanda suka yi ritaya, aka raba biyan alawus tsakanin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma. Inda jiha ko ƙaramar hukuma ta gaza biyan nata kason, da yawa sun tattara kayansu. Dabarar da ta fi dacewa da yankin ita ce horar da 'yan gari. Wani shiri da Birtaniya ta tallafa daga 2012 ya riƙa zaɓo 'yan mata da matan aure daga ƙauyuka, yana share musu fagen shiga makarantun jinya da ungozoma, irin na Birnin Kudu da Dambatta, bisa alkawarin za su koma su yi wa garinsu aiki.